Lamba a Damtse, Tawada a Yatsa

A damtsena na hagu akwai wani tabo kewayayye wanda faɗinsa bai wuce na sisin da ba, fatarsa ta ɗan lotsa tana sheƙi, wanda na daɗe da mantawa da shi kamar yadda mutum kan manta da ƙeyarsa, har ran nan da zafin bazara ya sa na tuɓe riga na zauna a inuwar dalbejiya a tsakar gida, wani jikana ɗan shekara shida ya ɗora yatsa a kansa ya ce, "Kaka, wa ya ƙona ka?" Na buɗe baki zan ce masa lamba ce, sai na tuna cewa kalmar nan a kunnensa ba ta da wata ma'ana face lambar waya ko ta mota, na so in ce masa ta agana ce, sai na ga ashe ita ma aganar sai na yi masa tafsirinta, domin bai taɓa ganinta ba, ubansa bai taɓa ganinta ba, kuma da yardar Allah babu ɗan Adam da zai sake ganinta. Na dai sallame shi da cewa allura ce aka yi mini ina yaro, ya yi dariya ya ruga, ya bar ni da tunanin wata gardama da ta shekara hamsin da ɗoriya a gidanmu ba ta mutu ba, sai dai ta tashi daga wannan baki ta koma wancan.

Hujjar farko da na sani a kan wannan mas'ala fuskar kakarmu ce, mahaifiyar babanmu, wadda muke kira Iya. Zanzana ta bi mata fuska tun daga goshi har haɓa kamar rairayin da yayyafi ya sauka a kansa, idonta na dama kuwa hakiya ta rufe shi fari fat, har mukan tsokane ta, irin wasan jika da kaka, mu ce mun fasa auren sai ta sake ido, ita kuma ta ɗaga muciya ta ce sadakinmu ma bai kai kuɗin goro ba. Amma in dare ya yi, hira ta yi nisa, takan gaya mana cewa su bakwai ne a ɗakin uwarsu, aka shiga wani rani da su bakwai aka fita da uku. Cewa an kafa musu bukka a bayan gari, mai kawo kunu ya ajiye ƙwarya daga nesa ya juya ba waiwaye. Cewa ƙurajen kan haɗe har tabarma ta manne wa bayan majinyaci, in za a juya shi sai an yayyafa ruwa. Ban taɓa jin ta ambaci cutar da sunanta ba, sai dai ta ce "abin nan", ta tofar da yawu gefe, ta nemi tsari.

Kada mai karatu ya zaci cewa mutanen da, saboda suna ganin wannan bala'i da idonsu, sun karɓi rigakafi hannu bibbiyu. Ko kusa. A zamanin En'e, in aka ji masu lamba sun sauka gidan dagaci da rakiyar 'yan doka, mata kan cusa yara cikin rumbu su rufe, waɗansu su sulale da su ta bayan danga zuwa gona, wanda kuwa aka kama aka tsaga masa damtse, uwarsa na jiran a juya baya ta goge wurin da lemun tsami ko toka don kada ya kama. Dalilinsu kuwa ba na wauta ba ne ƙwarai, domin mulkin da ya aiko da lamba shi ne mai karɓar haraji da jangali, kuma wanda aka saba gani yana ƙidayar kawuna don ya karɓa, da wuya a yarda cewa yau ya ƙidaya su don ya bayar. Na ambaci wannan ne saboda na sha jin 'yan boko irina suna magana kamar ƙin rigakafi wata bidi'a ce da aka ƙaga a 2003, alhali kuwa tsohon al'amari ne, kuma tun asali shakkar tana kan hannun da ya miƙo maganin kafin ta kai ga maganin kansa.

A 1967 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura ɗamarar kawar da agana daga doron ƙasa, a ƙasashen Afirka ta Yamma kuma aka haɗa yaƙin da na ƙyanda, wadda iyayenmu mata ke sakaya sunanta su ce baƙon dauro. Ayarin ya iso garinmu, a ƙasar Kano, ina ɗan aji biyu. Mai shela ya kewaya tun da daddare, da hantsi kuwa mota ta tsaya a gindin tsamiyar ƙofar dagaci, aka sauke wani ƙarfe da ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki, mai wani baki marar tsini da ake dannawa a damtse ya yi tsartuwa, wanda mu yara muka raɗa wa suna bindiga. Babanmu malamin zaure ne, mai karantar da Iziyya da Risala, mutum mai sanyin hali ƙwarai, amma ya ce babu ɗansa da zai je, domin a ganinsa neman maganin cutar da ba ta zo ba wani nau'i ne na raunin tawakkali da munana zato ga Ubangiji. Iya tana ɗaki tana kaɗi, ta ji. Ta ajiye mazari, ta fito har bakin zaure, inda ban taɓa ganin ta taka ba muddin akwai almajirai, ta yaye mayafi daga fuskarta ta ce, "Malam, dube ni da kyau. Uwata ta fi ka tawakkali, huɗu ta binne." Babanmu ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Iya." Ta tasa mu gaba, ni da Yayana da ƙannenmu mata biyu, har gindin tsamiya.

Abin da ya ƙara wa babanmu girma a idona, Allah ya jiƙansa, shi ne bai fake da biyayyar uwa ya bar maganar nan ba. Bayan kwana biyu, da aka idar da sallar magariba, ya kawo wa almajiransa ƙissar Sayyadina Umar sa'ad da ya nufi Sham, ya sami labari a hanya cewa annoba ta sauka can, ya yi shawara da Sahabbai ya yanke komawa Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko ƙaddara yake gudu, shi kuwa ya nuna masa cewa komawar ita ma ƙaddara ce, ya buga masa misali da mai raƙuman da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya dausayi ɗaya faƙo, wanda duk gefen da ya kora dabbobinsa bai fita daga hukuncin Allah ba. Ya ƙara da cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da iliminsa da taƙawarsa, ya wallafa littattafai a fannin ɗibbu, kuma da riƙon sababi yana warware tawakkali da bai ɓata tawadarsa ba. Sa'an nan ya faɗa, a gaban yaran da yake koyarwa, cewa shi ne ya yi kuskure, tsohuwa ta yi daidai. Malaman da za su iya wannan, a da da yanzu, ba su da yawa.

A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya. A 1977 wani mai dafa abinci a asibitin garin Marka ta ƙasar Somaliya ya kamu ya warke, shi ne na ƙarshe da cutar ta kama ta hanyar yaɗuwarta da aka sani tun fil azal, a watan Mayu na 1980 kuma aka yi shelar cewa ta ƙare a duniya. Ni na kai wa Iya labarin, na ji shi a rediyo. Ta daɗe shiru tana murza carbi, sa'an nan ta ce, "Ashe abin nan ma yana mutuwa." Ba ta yi shekara biyar bayan haka ba ita ma ta cika, aka binne ta da zanzanarta, kuma ban gane ba sai daga baya cewa ran nan mun binne shaidar da babu mai iya musunta a gidanmu.

Shekarun da suka biyo baya na sauƙi ne. A zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, an kai rigakafin cututtuka shida har asibitocin sha-ka-tafi na ƙauye, watau tarin fuka da shan inna da mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora da ƙyanda, aka ba kowace uwa kati, har alƙaluman hukuma suka ce a 1990 an kai kimanin yara 80 cikin 100. Na ga Yayana da idona ya goya uwargidansa a babur, jariri a bayanta, ya kai su awo da allura, ya tsaya a waje yana taɗi da sauran magidanta, babu mai kawo zancen hana haihuwa. Sa'an nan abubuwa suka lalace, kamar yadda kusan kome na gwamnati ya lalace a shekarun nan: firji ya mutu ba a gyara ba, ma'aikaci ya yi watanni ba albashi, asibiti ya zama wurin da ake rubuta wa mutum takarda a tura shi kemis. Binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya sami cewa yara 13 kacal cikin 100 ne suka kammala rigakafinsu, kason Arewa kuwa ya gaza haka.

Cikin wannan hali ne annobar sanƙarau ta 1996 ta sauka, wadda ta ci rayuka sama da dubu goma a Nijeriya, galibinsu a Arewa, har Asibitin Zana na Kano ya cika ya batse. Kamfanin Pfizer na Amurka ya aiko da likitocinsa suka gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara kimanin 200, aka ba rabinsu sabon, rabi kuma wani sanannen magani don a gwama. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Trovan maganin warkarwa ne, babu abin da ya haɗa shi da rigakafi, amma wa zai tsaya tsefe wa talaka wannan bambanci? Abin da ya shiga kunnensa shi ne Bature ya zo da magani kyauta, yara sun mutu. Wanda maciji ya sara kuwa, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To, ana cikin haka sai ga 'yan mata da hijabi da kula a hannu suna bin gida gida, suna sallama, suna neman yara 'yan ƙasa da shekara biyar su ɗiga musu ɗigo biyu a baki, su shafa musu tawada a ƙaramin yatsa, su zana wa bango alli su wuce. Yaƙin shan inna ke nan, wanda aka ƙaddamar a duniya a 1988, lokacin da cutar ke gurgunta yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. A 2003, shekarar da Amurka ta auka wa Iraƙi, Dakta Ibrahim Datti Ahmad, likita kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Nijeriya, ya fito ya ce akwai shubuha a maganin, ana zargin an gauraya shi da abin hana haihuwa. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da aikin a Kano, Zamfara da Kaduna ma suka dakatar na wani lokaci. Yayana, wanda ɗan kasuwa ne mai lissafi, ba jahili ba, ya kafa doka a gidansa cewa duk wadda ta miƙa ɗansa ga masu foliyo a bakin aurenta.

Na je na same shi a zaure da abokansa. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Kai ɗan boko, amsa mini uku. Bara zazzaɓin cizon sauro ya kashe mini 'ya, na je asibiti har safar hannu ni na saya; me ya sa ba a biyo ni gida da maganinsa ba? Na biyu, wane irin magani ne ba a ƙoshi da shi, wannan wata a ɗiga, wata mai zuwa a dawo a ɗiga? Na uku, mutanen da ke ruwan wuta a Bagadaza, yaushe suka fara son 'ya'yanmu har haka? Ruwa ba ya tsami banza."

Na yi dariya. Wannan dariya tana cikin abubuwan da nake neman gafarar Allah a kansu har yau, domin na yi ta a gaban abokansa, na bi ta da kalmar jahilci, na cakuɗa maganata da Turanci don in nuna masa inda na fi shi, alhali mutumin nan shi ya biya mini kuɗin jarrabawa daga ribar atamfa. Tambayoyinsa kuwa suna da amsa, da na yi ladabi na ba shi. Da na ce masa a ta farko yana da gaskiya, zalunci ne a bar asibiti ba magani. Sai dai shan inna, kamar agana, a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, saboda haka ana iya ƙure mata gudu a kashe ta kisan har abada, zazzaɓi kuwa yana da sauro da ke yi masa dako, shi ya sa masu kuɗin duniya suka zuba dukiyarsu a nan suka tsuke hannu a can. Da na ce masa ɗigon nan a hanji yake aiki, hanjin yaron da gudawa ta saba wa kuwa ba ya kama shi a karo ɗaya ko biyu, dole a maimaita. Da na gaya masa cewa ƙwayar cutar ta bayan gida take fita ta koma baki ta ruwa da abinci, kuma a cikin yara kimanin 200 da ta shiga ɗaya take gurguntawa, sauran su yi ta yawo da ita lafiya lau suna rabawa, don haka 'ya'yan maƙwabcinsa da yake kafa hujja da lafiyarsu ba hujja ba ne. Amsar ta uku kuwa tana damtsensa, da na ce ya naɗe hannun riga mu gwada tabo. Ban faɗi ko ɗaya ba. Na fita ina ganin na yi nasara, shi kuwa ya ƙara wa ƙofarsa sakata.

Mahaifiyarmu tana raye a lokacin, tana kuma tare da ni a ra'ayi, amma Yaya ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya gabansa ta yi masa abin da Iya ta yi wa babanmu. Iyakarta ta aika masa da ƙanwarmu, ya ce a gaya mata ya ji. Uwargidansa ce ta sami dabara. Ita ta san kati tun zamanin babur, ta kuma ga yadda ƙyanda ke yi wa unguwa shara a bazara. Sai ta riƙa neman izinin zuwa barka ko dubiya, ta ratse asibiti da autarta a yi mata abin da ya kamata, ta dawo ta cusa katin a ƙarƙashin kwallar ƙasa ta jerenta, inda ta san namiji ba ya kai hannu. In kuwa an shafa wa yarinyar tawada, kafin maigida ya dawo kasuwa ta kwaɓa lalle ta ƙunsa mata yatsu duka goma. Ya sha yaba kwalliyar. Ta kira amaryarsa, yarinya ƙarama mai goyon fari, ta ce ta kawo yaron ta haɗa da tata ta kai. Amarya ta ƙi, kuma ba tsoron saki kaɗai ya hana ta ba: a gidansu an ja mata kunne cewa kada ta kuskura ta ba kishiya ɗa, balle a kai shi inda ake ɗiga abin hana haihuwa.

A damina ta 2005 yaron, yana da shekara biyu, yana gudunsa ko'ina, ya kwana biyu da zazzaɓi, a rana ta uku aka tsayar da shi ya sulale. Ƙafarsa ta dama ta yi laƙwas kamar tsumman da aka jiƙa. Tsofaffin unguwa suka ce Inna ce ta sha, aka yi turare, aka yi rubutu, aka kai shi wurin mai ɗori, daga baya aka kai shi asibiti, inda aka ce babu abin da za a yi sai gashi da motsa gaɓa. Na je dubiya. Yaya ya ce, "Ƙaddara ce." Na ce, "Haka ne, Yaya, Allah ya ba shi lafiya." Ƙissar Umar tana bakina, na haɗiye ta, domin amarya tana bayan ƙyaure tana kuka, kuma wanda ya yi dariya a lokacin da ya kamata ya yi bayani ba shi da bakin yin wa'azi a kan gurgun yaro.

Kano ta riga ta koma aikin tun Yulin 2004, bayan an sayo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, amma wata goma sha ɗaya sun isa. Ƙwayar da ta tashi daga Arewa ta bi matafiya ta sake shiga ƙasashe kimanin ashirin da suka riga suka rabu da ita, ta ratsa Chadi da Sudan, ta gurgunta ɗaruruwan yara a Yaman, ta kai har ita Indunusiyar da muka amince da maganinta; a 2006 yaran da ta kwantar a Nijeriya sun haura dubu. Akwai kuma wata gaskiya mai ɗaci da jami'ai suka yi jinkirin faɗa, wadda jinkirin ya ƙara wa masu shakka ƙarfi: ƙwayar da ke cikin ɗigon rayayya ce da aka raunana, kuma a inda aka yi wa kaɗan aka bar da yawa, takan yi ta yawo tsakanin waɗanda ba a yi wa ba har ƙarfinta ya dawo ta gurgunta yaro. Hakan ya faru a Arewa daga 2005. Maganin wannan ma shi ne a yi wa kowa, amma magana ce da ke bukatar wanda aka amince da shi ya faɗe ta, amana kuwa ita ce ta yi ƙaranci.

Ba ni na juyo da Yaya ba. Abubuwa ne suka taru masa sannu a hankali. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya haɗa sarakunan Arewa a kan lamarin, magana ta sauko daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, limamai suka shigar da ita huɗuba, adadin yaran da shan inna ta kwantar ya faɗo daga 388 a shekarar zuwa 21 a 2010. Aka fara kafa rumfa a unguwa ana duba masu zazzaɓi da masu ciki kyauta tare da ɗigon, watau an amsa tambayarsa ta farko a aikace, ko da yake a makare. Ya tafi aikin Hajji, a filin jirgin Jidda aka jera su, dattawa da furfurarsu, aka ce kowa ya buɗe baki, domin Saudiyya ta shar'anta wa alhazan Nijeriya ɗigon. Ya dawo yana ba da labarin da kansa, yana dariya wadda ba ta kai ciki ba. A watan Fabrairu na 2013 kuma 'yan bindiga suka harbe mata tara masu aikin rigakafi a Kano, 'ya'yan talakawa da suka fito neman ɗan abin sa wa a baki. Ran nan na ji ya ce duk wanda ya kashe mace a kan ɗigo ba don Allah yake yi ba. Bai taɓa cewa ya janye dokarsa ba, uwargida dai ta daina ɓata lallenta. A 2016 aka ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kwantar a Borno, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka tabbatar da cewa asalin ƙwayar shan inna ta bar nahiyar Afirka.

Na zaci an gama. Sai ga mashaƙo a ƙarshen 2022, cutar da rigakafinta ke cikin katin nan tun zamanin babur, ta yi sansani a Kano tana shaƙe yara, galibinsu waɗanda ba a yi wa allura ba. A wannan karo mai gardamar babban ɗan Yaya ne, ɗan uwargida, wanda aka yi wa allurarsa cif yana jariri, mai digiri, mai aikin ofis, wanda tun zamanin korona wayarsa ta cika da muryoyin mutanen da bai san fuskarsu ba. Ya hana a kai 'ya'yansa uku. Hujjojinsa sun fi na ubansa ado, akwai sunayen sinadarai da na attajiran Amurka a ciki, amma da na kasa kunne sai na ji tsohuwar shakkar nan ce ta masu cusa yara a rumbu, ta sake riga.

Aka kira ni, muka zauna a zauren da na taɓa yin dariya. Wannan karo na yi bayani dalla-dalla, da Hausa, ban ɗaga murya ba, yaron ya saurara da ladabi, kuma na ga ko gezau bai yi ba. Ƙaninsa yana gefe, saurayi ɗan shekara ashirin, mai gyaran waya, sandarsa jingine da bango. Yaya, wanda bai ce uffan ba tun da aka fara, ya ɗaga hannu yana rawa ya nuna shi ya ce, "Dubi ƙafar ƙaninka. Ni na yi wannan." Zauren ya yi tsit. Saurayin ya ja rigarsa ya rufe ƙafar, ya sunkuyar da kai, na ga kunyar da ta kama shi, na kuma tuna Iya a bakin zauren babanmu; sai dai ita fuskarta ta nuna, shi kuwa Yaya sai da ya nuna ƙafar wani.

Ran Talata uwargida, wadda yanzu ita ce kaka, ta tari adaidaita sahu ta ɗauki jikokin uku da uwarsu ta kai su, saurayin ne ya biya kuɗin motar. Uban bai hana ba, bai kuma raka su ba. An ce su koma bayan mako huɗu, sun koma, katunan suna ƙarƙashin kwallar nan. Shi kuwa har yau, in aka tada zancen, cewa yake yi shi dai bai gamsu ba.